Palu Biyar na Madam Zuwaira

Ni tela ce a Talaje, sunana Dije, kuma abin da hannuna ya saba da shi almakashi ne, ba alƙalami ba. Amma tun da aka sallamo ƙanwata Zuwaira daga likita, wato asibiti, maganar nan ta tokare mini a ƙirji, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko wata za ta karanta ta kauce wa wautar da muka tafka. Na ce "muka" ne don kara. Kaso mafi girma nawa ne.

Zuwaira malama ce a wata makarantar kuɗi a wajen Kalle, shekara bakwai tana riƙe da aji huɗu. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a kan hanya ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Nana da Fati. Aikin nan shi ne komai nata. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma 'ya'yan malamai ba sa biyan kuɗin makaranta, don haka yaranta suna karatu a wurin da ni da mijina ko ƙofarsa ba za mu kai namu ba. A ƙarshen kowace shekara ake sabunta wa malamai takardar aiki, kuma darekta ne yake rubuta wa mai makarantar rahoton kowa.

Darektan kuwa Baba Isufu ne, aminin mahaifinmu tun suna samari a Tawa. Shi ya yi wa Zuwaira waliyyi ranar aurenta, shi ya samo mata aikin bayan ta fita takaba. Ba mu taɓa haɗa ido da shi ba, a durƙushe muke gaishe shi ko a tsakiyar titi ne.

Ciwon ya fara ne 'yan makonni bayan an koma makaranta. Al'adarta da take yin kwana biyar ta koma kwana goma, daga baya goma sha biyu, ga guda-guda, ga ciwon mara da yake sa ta dafa bango. Ba ta faɗa mini ba sai wata ranar Alhamis da ta shigo shagona mayafinta ɗaure a ƙugu, ta zauna kan buhun ƙyalle ta fashe da kuka.

Ta ce, "Yaya, yau ban tashi bisa kujera ba sai da yara duka sunka hita. Kujerar ma da gehen mayahina na goge ta."

Na ce, "To ba ku da ban-ɗaki ne a lakwal ɗin naku?"

Ta ce akwai, guda ɗaya na malamai, amma makullinsa a rataye yake a ƙusa bayan teburin Baba Isufu. Duk mai buƙata sai ta shiga ofis ta yi sallama ta miƙa hannu ta bayan kansa. Sau ɗaya a yini ba komai. Amma ita yanzu sau huɗu take buƙata kafin a tashi, kuma da ta yi haka gara ƙasa ta tsage ta shige. Abin da ya fi tsorata ta shi ne allo, don ba a rubutu a allo sai an juya wa yara baya.

A nan ne ya kamata in ce mata tashi mu tafi likita. Maimakon haka sai telar da ke cikina ta motsa. Na ɗauko baƙin yadi mai kauri, na yage wata tsohuwar lema na yi shafi da ledarta, na sa tawul mai laushi daga ciki, na kama gefen ta yadda ko ɗigo ba zai tsallaka ba. Kafin la'asar na gama siket. Wallahi aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba, ko a rana tsaka ta tsaya ba mai cewa akwai wani abu a ciki. Zuwaira ta gwada ta juya gaban madubi, ta yi dariya karo na farko a makon, ta ce wannan ai sulke ne. Na ɗinka mata guda uku don ta riƙa canji. Na yi kwanaki ina jin kaina.

Bayan kamar wata guda jiri ya fara. Wata safiya ta kasa tashi sam, kuma dokar makarantarsu ita ce duk wanda bai zo ba sai ya kawo takardar likita mai faɗin abin da ya same shi, ya miƙa wa darekta hannu da hannu. Na kai ta ƙaramar likitar unguwa wurin Amsatu, majon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ni nake mata ɗinki tun tana budurwa. Amsatu ta ja fatar idon Zuwaira ƙasa ta duba, ta ce a je a yi eko, hoton ciki ke nan, kuma kada a ɗauki lokaci. Da ta ɗauko takardar hutu sai na riƙe mata hannu.

Na ce, "Amsatu, don Allah rubuta palu."

Ta ce, "Dije, wanga ba zazzaɓin sabro ba ne, kin sani na sani."

Na ce, "Takardar ga hannun ubanmu za ta. Ke za ki iya miƙa ma babanki takarda ya karanta jinin al'ada?"

Ta ɗauki alƙalami. Sannan ta rubuta palu, hutun kwana uku, ta buga hatimi. Ta ce wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Bai zama na ƙarshe ba, saboda na san yadda ake roƙon mutum har kunya ta kama shi, kuma ɗinkin sallarta duka a hannuna yake.

Da dangi suka ji Zuwaira ba lafiya, kowa ya zama lokotoro mai ba da magani. Gwaggonmu ta aiko da sassaƙe daga Tawa, ta ce sanyi ne na mata, a jiƙa a sha safe da yamma. Maƙwabciyarmu Bazabarma ta riƙa kawo kwaɗon zogale kullum, ta ce shi ke mayar da jini, Allah ya saka mata, ita dai abinci ta ba mu. Wata ta ce dabino da madara, wata ta ce rashin aure ne, ta yi aure ta ga ko ba ta warke ba. Duk mun yi, ban da auren. Ni dai na lura Zuwaira ta fara wani abu: in tana zaune sai in ji ƙurus-ƙurus a bakinta. Ashe allin rubutu take ci, guda biyu uku a yini, ta ce ranta ne kawai yake so. Na yi mata tsiya na ce makaranta za ta cire mata kuɗin alli a albashi. Sai daga baya na ji cewa alamar ƙarewar jini ce.

Ba mu yi ekon ba sai a hutun tsakiyar shekara. Bayan sallar asuba muka kama layi a babbar likitar mata, aka ba mu lamba, muka zauna a benci har azahar ta gota. Mata cike, wasu a ƙasa kan zanensu, kowa ta rungume takardunta a leda. Lokotoron da ya gan mu wani siriri ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya ce sunan abin fibrom, tsiro ne a mahaifa, guda uku, babban ya kai mangwaro. Ya kalli sakamakon jininta, ya cire tabarau ya kalle ta.

Ya ce, "Madam, da ƙahwa kika zo nan? Ke ba da jini kike tahiya ba, da ƙarhin hali."

Ya ce a gina mata jini na 'yan makonni a yi aiki kafin wata ya ƙare, kuma in an yi yanzu yana sa ran a cire tsiron a bar mahaifar. Bayan aiki tana buƙatar hutun mako shida. Ba mu roƙe shi ba ya rubuta takarda zuwa ga wurin aikinta, ya bayyana komai, ya sa kwanan wata ya sa hannu.

A cikin taksi Zuwaira ta ce mako shida ba wasa ba ne, wa zai riƙe mata aji, kuma da wane baki za ta miƙa wa Baba wannan takarda mai maganar mahaifa? Ta ce a bari sai babban hutu, wata biyar ne kawai, a yi aikin ba wanda ya sani, ta koma da ƙafarta. Na ce wannan shawara ta yi. Da hannuna na ninke takardar lokotoro na saka a aljihun keken ɗinkina, tare da maɓallai da tsofaffin allurai.

Daga nan muka shiga wani zama da ban san sunansa ba. Ƙwayoyin ƙarin jini suna shiga ta sama, jinin yana fita ta ƙasa. Kowane wata akwai kwana uku ko huɗu da ba ta iya ɗaga kai, sai in tafi wurin Amsatu. Bayan palu na biyu Baba Isufu ya ba Nana sabon gidan sauro a leda ta kawo wa uwarta, ya ce a gaya mata ta riƙa ɗaurawa. Muka yi dariya har da hawaye, ni da ita. Yau in na tuna gidan sauron nan ba dariya nake yi ba.

Na koma kwana gidanta rabin mako. Ni ke wanke sulken, in shanya a ɗaki don kada maƙwabta su gani, in dafa hanta in tsare ta sai ta ci. Tafin hannunta ya yi fari fat, ƙafafunta suka fara kumburi, in ta hau matakala uku sai ta tsaya tana haki. A aji ta daina zuwa allo gaba ɗaya, ba don tsoron tabo ba yanzu, don in ta ɗaga hannu sama sai duhu ya rufe mata ido. A zaune take karanta wa yara darasi su rubuta. Yaran aji huɗu kuwa me suka iya rubutawa da ka? Iyaye suka fara zuwa ofis da littattafan 'ya'yansu suna nuna shafuka babu komai.

Palu na huɗu ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da sauro kansa ya gudu saboda zafi. Baba Isufu ya kira ta ofis ya rufe ƙofa. Ita ta ba ni labari da yamma, tana kwance tana kallon rufi.

Ya ce mata, "Ɗiyata, palu cikin bazara? In wata sana'a kika samu, ko wani abu na damunki, hwaɗa mini. Ni ubanki ne."

Na ce, "To mi kika ce?"

Ta ce, "Na ce ba komi, Baba."

Na ce ta yi daidai, saura wata biyu. Haka na ce. Bayan mako uku na sake karɓo na biyar.

Saura kwana ashirin a yi hutu ta faɗi. Da hantsi ne, ta miƙe za ta raba wa yara takardun gwaji, sai ta zube tsakanin tebura. Aka ɗauke ta aka kwantar a inuwar bishiyar bedi, aka yi ta yayyafa mata ruwa ana fifita, kowa yana cewa zafi ne, ga kuma palun da bai sake ta ba. Kusan awa guda tana kwance a wurin jini yana zuba, ba wanda ya ga ko ɗigo, saboda ɗinkina bai yi yoyo ba. Sai da wata abokiyar aikinta, Madam Rakiya, ta ce maza su ba da wuri ta sassauta mata ƙugu, sannan ta ga abin da ke ciki ta kurma ihu.

Ina yanka wani leshi aka kira ni. Ko takalmi ban sa daidai ba.

A likita aka ce jini, yanzu-yanzu, kuma a kawo masu bayarwa. Mijina Sani, mai sayar da katako a kasuwar Katako, ya rufe rumfa ya zo da abokansa uku, mutanen da ko sunan Zuwaira ba su sani ba, suka nannaɗe hannun riga suka kwanta. Ba zan manta musu ba har in mutu. Ba zan kuma manta matar da ke kan teburin karɓar marasa lafiya ba, wadda ta ga halin da muke ciki ta ce in fara zuwa in sayo safar hannu da auduga tukuna, tana danna wayarta. 'Yan kunnena na aure a ranar suka tafi, ban ko tsaya ciniki ba.

Lokotoron nan mai furfura shi ya yi aikin. Da ya fito ya gane ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ta rayu, amma dole ta sa ya cire mahaifar gaba ɗaya, ba yadda za a tsayar da jinin sai haka. Sannan ya ce, "Ina takardar da na ba ku?" Na sunkuyar da kai. Shekarar Zuwaira talatin da huɗu.

Mako uku muka yi a ɗakin jinya. A mako na farko ba ta san wanda ke kanta ba, ni ke juya ta, in goge mata jiki, in ɗiga mata ruwa a leɓe da cokali. A na biyu ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, na gaske wannan karon, aka sake buɗe gefe ana wankewa kullum tana cizon zane. Ni da nake ɗinki tun ina yarinya ban iya kallon wannan ɗinkin ba. Akwai wata dattijuwa mai shara, Bazabarma, da take ara mini bokitinta kowace safiya ta dafa kafaɗata ta ce "kala suuru", sai haƙuri ke nan. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

A mako na uku Baba Isufu ya zo da matarsa Hajiya Mariya. Ita ta shiga wurin Zuwaira, shi ya tsaya a baranda ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Ya ce in tashi in zauna a benci, abin da bai taɓa ce mini ba.

Ya ce, "Dije, tun yaushe kunka san ciwon ga?"

Takardar tana jakata, don lokotoro ya sa na kawo ta. Na miƙa masa da hannu biyu, duk ta yi tabon man keke. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya tsaya kan kwanan watan. 

Ya ce, "Wata biyar. Wata biyar tana aljihunku."

Sai ya gaya mini abin da ban sani ba. A dokar makarantar, malamin da lokotoro ya rubuta masa aiki ana ajiye masa ajinsa har wata uku, a sa wani ya riƙe, a ba shi rabin albashi, kuma ba a taɓa takardar aikinsa. Da ta kawo wannan a lokacin, sa hannu ɗaya zai yi. Amma abin da ke cikin fayil ɗinta palu biyar ne da koken iyaye. Mako biyu kafin ta faɗi ya aika rahoto, ya rubuta abin da ya gani, don ya tambaye ta ta ce ba komai. Mai makaranta ya riga ya ɗauki wata.

Ina kuka na ce, "Baba, kunya munka ji."

Ya ce, "Kin tuna shekarar da anka ce muku Hajiya ta tahi Tawa jinyar uwatta, wata ukku?"

Na ce na tuna, har tsaraba ta kawo mana.

Ya ce, "Ba ta je ko'ina ba. Ɗakin ga na ƙarshe ta kwanta, ciwon ga ne, aikin ga ne. Ni na riƙa wanke mata zannuwa da hannuna. Mu ma mun ɓoye muku."

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗauki takardar ya kai wa mai makaranta da kansa. Mutumin ya ce ga takardu biyar masu hatimi sun ce palu, ga ɗaya ta ce wani abu, to wacce ce ƙarya? In biyar ɗin ne, a kawo masa sunan wanda ya rubuta su ya kai ƙara, sannan a yi maganar mayar da ita. Da Zuwaira ta ji, ta ce ko za ta yi bara ba za ta ci amanar Amsatu ba, matar da muka matsa wa ta taimake mu. Maganar ta mutu a nan.

Yanzu wata goma ke nan. Nana da Fati suna makarantar gwamnati ta unguwa, Fati har yau tana tambaya yaushe za su koma tasu. Zuwaira tana zama a shagona tana sa maɓalli da kalmasa, don ba ta iya taka keke ba tukuna. Jini ya dawo mata, kumatunta sun ciko, ta daina cin alli. Ta kai takardunta makarantu huɗu, duk sun ce sai an ga rahoton wurin da ta baro. In yara masu kayan makaranta suka wuce suka ce "Bonjur Madam", takan amsa da fara'a, sannan ta daɗe ba ta sami ramin allura ba.

Na gode wa Allah da ya bar mini ita. Na gode wa lokotoro, da mutanen Katako, da Amsatu da na jefa cikin abin da ba ta nema ba. Ga wadda ta karanta kuma, roƙona ɗaya ne: abin da lokotoro ya rubuta, kai shi inda ya ce a kai, ko wa zai karanta.

Makon jiya Madam Rakiya ta zo shagon, wadda ta sassauta wa Zuwaira ƙugu ranar nan. Suka gaisa, suka taɓa hirar makaranta. Sai ta ciro leda daga jaka, baƙin yadi ne mai kauri da tsohuwar lema. Ta ce tun ranar ta ga irin ɗinkin, ba ta taɓa ganin aiki mai kyau haka ba, tana so in yi wa wata ƙawarta guda biyu. Na ce ina awon ƙawar? Ta ce in auna ta, jikinsu ɗaya.

Zuwaira ta ajiye allura, ta kamo hannunta ta juya tafin sama. Fari fat.

Ta ce, "Rakiya, wata nawa?"

Ta ce, "Huɗu. Amma hutu ya kusa, kuma kin san bana rahoto da wuri za a aika."

Muka gaya mata komai, dokar wata uku, da Hajiya Mariya, da abin da lokotoro ya ce. Zuwaira har ɗaga riga ta yi ta nuna mata tabon. Na ce ni dai na rantse hannuna ba zai sake wannan ɗinki ba, amma gobe da asuba zan rufe shago in raka ta layi. Ta yi ta gyaɗa kai tana cewa gaskiya ne, Allah ya saka, za ta yi tunani. Ta mayar da yadin da lemar cikin leda ta yi mana sallama.

Muna kallo ta tsallaka titi, ta ɗan tsaya ta dafa sandar lantarki har jirin ya sake ta, sannan ta shiga shagon telan da ke fuskantar nawa.